Hannun Jummare da Fuskar Ummuhani

Kafin masu keken jaki su fara buga gangar ruwa a lungunan unguwarmu ta nan Gadarif, Yaya Jummare ta riga ta share rakubarta, rumfar karan da ke ƙofar ɗakinta, ta shimfiɗa tabarma, ta jiƙa karkade. Ba irin na sha ba mai kauri da sukari. Nata 'yan ƙwaya uku ne ko huɗu a kwano, ruwan ya ɗan yi ja, kana hango gindin kwanon ta cikinsa. Sai ta jera fararen finjalai shida a faranti, ta miƙe ƙafa, ta jira. Daga nan har rana ta take tsaka ba a rasa mace a gabanta. Wata ta zo da sabulun da ta haɗa da man riɗi, wata da man fuska da ta sayo cokali-cokali a kasuwa, wata da abin da 'yar'uwarta ta aiko mata cikin kwalbar da babu ko harafi ɗaya a jikinta.

Aikin ba ya ɗaukar lokaci. Ta sa tsinke ta lakato kaɗan, ta motsa a finjalin karkade, ta ɗaga wajen haske. In ruwan ya koma shuɗi-shuɗi, sai ta ce, "Kwayyis, da kyau, amma ki fara gwadawa a cikin hannu, ki kwana ki gani." In ya yi kore shar, ya fara karkata zuwa rawaya, ba ta ma tsayawa dogon bayani. "Soda ta yi yawa. Wannan ko ƙafar jaki ba zan shafa wa ba."

Shekara talatin da 'yan kai ke nan tana wannan zama, babu wanda ya naɗa ta, babu wanda ya taɓa ba ta takardar yabo. Jumma'ar nan mai zuwa ɗanta Lawal zai zo ya ɗauke ta ta koma wurinsa a garin Showak, domin idonta ya dushe har ya daina raba ja da kore, kuma likita ya ce ba irin ciwon da ake yi wa aiki ba ne. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Amma gara in faɗi gaskiya tun yanzu: ni Zainaba da nake yabonta, katanga uku ce tsakanin gidana da nata, kuma shekara tara na yi ban taka tabarmar nan ba. Ni ce mai laifi, zan kuwa faɗi laifin in na zo wurinsa.

Yaran yanzu sun taso sun tarar da soda kawiya a kowane shago, farin gari mai kama da sukari, sun ɗauka da ita aka halicci duniya. Iyayenmu ba su san ta ba. Mahaifiyar Jummare da tokar karan riɗi take sabulu. Bayan girbi ta ƙona kara, ta zuba wa tokar ruwa ta tace, ruwan ya ɗiga a hankali. In tana so ta san ko ya yi ƙarfi, sai ta ɗebo a bakin ludayi ta kai harshe, kamar mai ɗanɗana miya. In ya ɗan cije ta, ya yi. Haka kakanninmu suka taho da sana'ar tun daga yamma, haka kowace 'ya ta gani a hannun uwarta.

Da soda ta shigo unguwa a shekarun tamanin, aka ce ga toka ta zamani, ba ƙona kara, ba jira. Jummare tana da ƙuruciya a lokacin, ga zafin nama, ita ta fara sayowa. Ta narka ta a ruwa, ta bari ta huce, sannan ta yi abin da hannunta ya saba tun tana 'yar shekara goma. Ta ɗebo a bakin ludayi ta kai baki.

Allah ya taimake ta ba ta haɗiye ba. Amma harshen da cikin leɓe sun ƙone. Ta yi sati shida ba ta tauna komai ba, kuma har yau maganarta da nauyi take fita, wasu haruffan sai ka saba da ita kake kamawa. Ɗanɗano ma bai dawo duka ba. Duk unguwa an san miyar Jummare: ko dai lami, ko kuma ka sha randa guda bayan ka ci. Ita da kanta take fara tsokanar kanta in ta aiko da kwano. "Ku ɗanɗana ku gaya mini me na dafa."

A cikin jinyar nan ta gano abin da ta rayu a kai. Ba abin da bakinta ke karɓa sai ruwa-ruwa, sai wata rana ragowar karkade ya zube a robar da aka narka sodar, ta ga ja ya rikiɗe ya zama kore a gaban idonta. Wata da ta yi a'uziyya ta wuce. Ita kuwa da ta warke sai ta ɗauki robar da kwanon karkade ta tafi makarantar 'yan mata, ta zauna a inuwa har aka tashi, ta tare malamar kimiyya. Malamar ta tabbatar mata ba aljanu ba ne, ta ƙara mata da abubuwa uku da Jummare ta mayar kamar karatun allo: soda ake zubawa a ruwa, ba a zuba ruwa a soda, ba ta shiri da tukunyar alminiyam, in ta taɓa jiki, ruwa kawai, mai yawa, sannan asibiti.

Ba ta taɓa cewa a guji soda ba. Cewa take, "Ba sabulun da zai haɗu in babu ita. Har mayukan kanti ana ɗiga musu kaɗan a kashe musu tsami. Wuta ce, a murhu ta dafa tuwo, a jinka ta cinye gida." Kuma ba ta ɗora wa karkadenta girman da ba shi da shi. "Shi ba likita ba ne. In ya ce a'a, to a'a ce. In ya yi shiru, ba wai ya rantse ba ne."

Ke ce kika bi gida-gida, Yaya, kina leƙa madafa kamar mai neman kazar da ta ɓace. Mu da muka saba ajiye ruwan kanwa a kwalba kusa da murhu, sai ga shi muna ajiye ruwan soda a irin kwalbar, a wuri guda, duka farare. Kika tattara su, kika ɗaure wa kowace jan ƙyalle a wuya, kika sa aka rataye su a saman da hannun yaro ba ya kai. Wasu sun yi miki godiya, wasu sun ce kin cika shisshigi. Ke ce kuma kika kafa dokar da ta fi ba mu haushi, wai sabon sabulu sai ya yi arba'in a inuwa kafin ya taɓa fatar mutum. Mu ce Yaya, sabulu ne ko maijego? Ki ce duka biyun ɗanyu ne.

Malam Sale mai shago a bakin kasuwa har yau in an ambace ta sai ya girgiza kai yana dariya. Da a farar leda yake ƙulla soda, daidai yadda yake ƙulla sukari, a kanta ɗaya. Ta yi masa magana ya ce ya ji. Ta dawo ta tarar bai canza ba. Sai ta zauna a bencinsa. Duk wanda ya zo sayen sukari ta ce masa, "Ya akhi, duba da kyau, ka tabbata sukari ne?" Ya ce kwana uku ta yi tana kore masa mutane cikin ladabi. A na huɗu ya sayo jan fenti da gwangwanaye, kuma tun daga ranar soda ba ta fita shagonsa sai a gwangwani mai jan baki.

Wanda duk unguwa ta shaida shi ne na Mero, wata baiwar Allah da ta sauko daga gonakin Fashaga bayan yankan riɗi ta kama ɗaki a bayan gidan Jummare. Cikin watan zafi ne, lokacin da ruwa a Gadarif ya fi nama daraja. Mero ta kwara ruwa a kan soda, abin ya tafasa ya fantsamo mata a ido. Mata suka taru, kowa da maganinsa. Wannan ta ce lemon tsami, waccan ta ce man shanu, wata ta rugo da kwalli. Jummare ta ratsa su ta kama Mero ta kwantar da kanta a cinyarta, ta buɗe idon da yatsa.

"Moya. Ruwa kawai. Wadda ta matso da wani abu zan karya mata hannu."

Ta ƙarar da randunanta biyu, ta ƙarar da butar alwala. Mai keken jaki na wucewa ta sa aka tare shi, aka yi ta tsiyayar gangar a idon Mero har ƙasa ta zama taɓo, sannan aka sa ta a mota. A asibiti suka ce ruwan nan ne ya ceci idon. A ranar, da taimama aka yi azahar a gidan Jummare, kuma ba a ɗora tukunya ba sai da maƙwabta suka kawo ɗauki.

To, ga nawa.

Shekara tara da suka wuce aka kawo shailar 'yata Ummuhani, kayan da dangin ango ke kawowa a buɗe a gaban mata. Gidana ya cika. Goggon ango, Hajja Batulu, mace mai nauyi da kowa ke shakka, ita ta jagoranci kayan. Cikin turaruka da tufafi ta ɗago wata kwalba da hannunta, ta ce haɗin amarya ne na musamman, wani ɗan kasuwa ya taho mata da shi ta hanyar Gallabat. Kwana uku ana shafawa a fuska, tsohuwar fata ta saɓule, sabuwa ta fito. Mata suka yi guɗa. Ni kuwa kaina ya kumbura, ga surukai masu ji da 'yata.

Jummare tana wurin, don ita ke haɗa wa amaren unguwa sabulu da dilka, curin nan da ake murje jiki da shi. Da kwalbar ta zagayo hannunta, ta taɓa kaɗan ta murza a yatsa, ta tashi ta wanke hannu, ta ce a ba ta karkade. Na san abin da ke tafe. Na bi ta na raɗa mata, "Yaya, ki rufa mini asiri, ba yau ba."

Ta gwada a gefe, ba ta yi shela ba. Ruwan ya yi kore, kafin in ƙifta ido ya koma rawaya. Ta ce a hankali, "Zainaba, wannan ba zai taɓa fuskar yarinyar nan ba."

Hajja Batulu kunne gare ta. Ta ajiye finjalinta. "Wato guba muka ɗauko muka kawo muku?"

Na dubi fuskar surukata na ga biki yana shirin wargajewa, sai na zaɓi wadda zan sayar. Na ce, "Malesh ya Hajja, yi haƙuri, rabu da ita. Wadda ta sha soda da ludayi ita ce za ta koya mana gyaran amarya?" Ban tsaya nan ba. Na murguɗe baki na kwaikwayi maganarta, yadda harshenta ke sarƙewa, na maimaita abin da ta faɗa da irin muryarta. Wasu suka yi dariya. Ummuhani tana bayan labule, ta ji komai.

Jummare ta ajiye finjalin karkaden. Ta dawo tsakiyar mata ta zauna, ta janye mayafi daga hannun hagu, ta lakato haɗin ta shafa a cikin damtsenta, wurin da fata ta fi laushi, ta mayar da mayafin. Ta ce a zuba mata jabana, kofin nan namu. Aka ci gaba da buɗe kaya, ana yi ana satar kallonta. Aka zagaya da kofi sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ina ganin gumi yana tsattsafo mata a karan hanci, tana riƙe da finjali, hannun bai ko girgiza ba. Da aka gama zagaye na uku ta yaye mayafin.

Wurin ya yi jawur, ya tashi, gefensa ya fara saɓulewa. Hajja Batulu ta dafe ƙirji tana salati. Jummare ta dube ta ta ce, "Ya Hajja, ke alheri kika yi niyya, kowa ya gani. Mai kwalbar ne ya cuce mu gaba ɗaya, da ke da mu." Sannan ta tashi ta nufi randa ta yi ta kwara ruwa. Da baki ɗaya ta ceci fuskar 'yata, ta kuma bar wa surukata mutuncinta. Daga baya in mata suka tayar da zancen, faɗa take musu, ta ce wauta ce, kada wadda ta kuskura ta kwaikwaya, ita ma don ta rasa wata hanyar ce.

Aka binne kwalbar a rami. Aka gyara Ummuhani da dilka da man riɗi, aka kai ta Kasala da fuskar da Allah ya ba ta. Hajja Batulu da kanta ta je duba hannun Jummare har sau biyu. Ni ce ban je ba. Na ce sai an gama biki. Aka gama, na ce sai na huta. Sati ya zama wata, kunya ta yi kwantai ta zama gaba, har na fara gaya wa kaina ai ita ma ta kunyata ni a gaban baƙi. Na canza lungun da nake bi zuwa kasuwa. In mun haɗu a wurin suna ko ta'aziyya, gaisuwar nesa. Abin da ya fi muni, duk zuwan da Ummuhani za ta yi ganin gida, in ta ce za ta je gaida Inna Jummare, sai na ƙirƙiro aike, ko in ce ba ta nan, ko in ce gobe. Ba na so yarinyar ta ga tabon nan ta tuna muryar uwarta a ranar.

Da na ji zancen tafiya Showak, abinci ya daina shiga. Ranar Litinin da hantsi na saka mayafi na bi tsohon lungu. Na tarar da ita a rakuba, finjalai a jere, wata maƙwabciya na gaya mata launin ruwan tana yanke hukunci. Na yi sallama. Ta karkata kai.

"Zainaba ce? Muryar ba ta tsufa ba. Zauna, tabarmar ba ta cizo."

Na durƙusa na faɗi abin da na zo faɗa, ban rage komai ba, har kwaikwayon. Na yi kuka, ba na jin kunyar rubuta shi. Ta bari na gama.

"Wannan ai na yafe tun hannun bai warke ba," ta ce. "Tsoro ne ya kama ki, na gani. Mai aurar da 'ya ba hankalinta ɗaya ba." Ta shafa tabon. "Abin da ya tsaya mini shi ne yarinyar. Na ƙone hannu saboda fuska, kika hana ni in ga yadda ta kasance. Yanzu ko kin kawo ta, ido ya tafi."

Daga nan ban shiga gida ba sai da na kira Kasala. Ranar Laraba da azahar Ummuhani ta sauka, ko jakarta ba ta ajiye ba muka wuce. Ta durƙusa a gaban tsohuwar ta ce, "Inna, ni ce." Jummare ta buɗe ido sosai, ta juya ta wajen haske, ta yi iya ƙoƙarinta, sannan ta haƙura. Ta goge tafukanta a zane, ta ɗago su biyu ta ɗora a kumatun Ummuhani. Ta bi goshi, ta bi karan hanci, ta sauko haɓa, a hankali, ta sake komawa.

"Lafiya lau," ta ce. "Ko ƙurji babu. Alhamdu lillahi." Sai ta ja kumatun kaɗan. "Kin yi ƙiba, ya bitti, 'yata. Mutanen Kasala sun iya miya."

Yaya Jummare, garkuwar fuskokin unguwa, a gaban mata na wulaƙanta ki, shi ya sa na zo gaban jama'a in janye, in kuma ce na gode. Na gode a madadin Mero da idonta, da yaran da suka girma ba su taɓa sanin abin da jan ƙyallen nan ya tsare musu ba, da amaren da ba su da adadi. Allah ya saka miki da alheri, ya sa Showak ta karɓe ki, ya ba Lawal ikon riƙe ki yadda kika riƙe mu.

Ku kuma 'yan'uwana mata, daga Jumma'a rakubar nan za ta zama wayam, soda kuwa ba inda za ta je. Karkade bai fi ƙarfin kowa ba. Wata a cikinmu ta jiƙa, ta zauna, ta jure a kira ta mai shisshigi. Kwalbar da ba rubutu kada ta hau fuskar 'yarki, ko wa ya kawo ta. In kuma akwai wata Jummare a lungunku da kuka ɓata wa, ku je yau, tun tana iya ganin wanda ya shigo.